Takalmin gwarzon tanis a cikin kayan marayu

Assalamu alaikum. Yayana ya yi shekara 11 yana aikin tuƙi a Doha, ƙasar Katar. A wasu shekarun kamfaninsu kan tura shi jigilar 'yan wasa idan ana gasar tanis ta birnin. Bara ya dawo gida ba lafiya, Allah Ya karɓi abinSa. Ya bar mahaifiyarmu da matarsa da yara uku, namiji ɗaya mata biyu, namijin ne babba, shekararsa 14. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, don haka ni dangi suka ɗora wa kula da abin da ya bari.

A akwatinsa mun tarar da kambas a cikin jakar yadi, an sha sawa, duk datti, da sa hannu a gefen ƙafa ɗaya. Tun yana raye ya sha ba mu labarin cewa wani babban ɗan wasa da ya yi mako guda yana ɗauka ne ya ba shi, ranar da ya kai shi filin jirgi. Na saka hoton a intanet, sai wani ya kira ni daga ƙasar waje ya taya dala 1,500, amma ya ce in fara aika kayan, kuma in ba shi amsa kafin Juma'a. Abokina ya ce kada in yarda, irin wannan miliyoyin daloli ake saye. Hajiya ta ce a haɗa da sauran tufafinsa a yi masa sadaka. Matarsa tana son a sayar saboda kuɗin makaranta. Yaron kuma kuka yake yi, shi yake so ya riƙa sawa. Ni ina tunanin in kai wa shushaina ya wanke shi tas ko zai ƙara daraja. Sannan zuciyata ba ta kwanta ba: ya dace a sayar da kyautar da aka yi wa mamaci?

Baffan marayu, Kano

Wa alaikumus salam, Baffan marayu. Allah Ya jiƙan yayanka, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ya raya abin da ya bari. Kai kuma Allah Ya dafa maka, don riƙon kayan marayu ba ƙaramin nauyi ba ne. Da gangan na cire sunan ɗan wasan daga wasiƙarka, kuma ina roƙonka ka sauke hoton da ka saka a intanet yau ɗin nan. Masu karatu ya ishe su sanin cewa mutum ne da ya ci manyan gasannin duniya fiye da sau ɗaya, duk mai kallon tanis ya san shi.

Tun kafin ka gama karanta amsata, ka riƙe wannan: kada ruwa ya taɓa takalmin nan. Ba sabulu, ba buroshi, ba jiƙaƙƙen tsumma, ba man gogewa, ba turare. Na san daga inda tunanin wankin ya zo maka. Duk wanda ya taɓa shiga layin 'yan takalma a Ƙofar Wambai ya ga yadda ake kwance dila, a wanke, a goge, a cusa takarda a ciki ya miƙe, sannan a yi masa kuɗi. Mai saye a can sawa zai yi, shi ya sa tsabta ke sayar da kaya. Masu neman irin wanda ke hannunka kuwa har abada ba za su zura ƙafa a ciki ba. Kuɗinsu suna bayarwa ne a kan tabbacin cewa wane ya sa wannan takalmi a rana kaza, a fili kaza, kuma babban mai ba da wannan shaida shi ne dattin da kake shirin cirewa. A watan Yunin 2021, gidan gwanjo na Christie's a Landan ya sayar da kayan gwarzon tanis Roger Federer domin tara wa gidauniyarsa kuɗi. Kayan da ya ci gasar Faransa ta 2009 da su, riga da wando da raket da takalmi, sun tashi a kan fam 187,500, kuma takalman suna nan da jar ƙurar filin Roland Garros a jikinsu, shekara 12 ba wanda ya kakkaɓe ta. Da an kakkaɓe, da an zubar da wani ɓangare na kuɗin a kwandon shara.

To, aikin da ke gabanka na neman hujja ne, kuma a nan zan fi tsayawa, domin a nan kuɗin yaran yake. A wannan kasuwa, takalma biyu da suka yi kama kamar an tsaga kara suna iya bambanta a farashi nesa ba kusa ba. Akwai na kanti, irin wanda kowa zai iya saya, ɗan wasa ya sa masa hannu don ya faranta wa masoyi rai. Akwai wanda kamfani ya ɗinka wa ɗan wasan shi kaɗai, amma bai sa ba, ko atisaye kawai ya yi da shi. Sai wanda ya buga wasan gasa da shi a gaban jama'a, a cikin wannan ɗin ma na wasan ƙarshe da aka ɗaga kofi ya yi wa na zagayen farko fintinkau. Babban ɗan wasa ba ya zuwa gasa da takalmi ɗaya tak, yakan zo da su da yawa, saboda tanis na cin takalmi, balle a fili mai tauri irin na Doha inda ake birki da ƙafa ana jan ta a ƙasa awa biyu ko uku. Labarin da marigayi ya ba ku na yarda da shi. Mutumin da ya yi mako yana tashi da asuba yana jiranka a ƙofar otal, yana kai ka atisaye yana dawo da kai cikin dare, ba abin mamaki ba ne ka buɗe jaka ranar tafiya ka miƙa masa abin tunawa. Sai dai labarin bai faɗi ko an buga wasan gasa da takalmin ba. Wannan gurbi shi za ka cike, kuma ina gargaɗinka kada ka cike shi da zato.

Yadda masana harkar ke yi shi ne su ɗauki kayan su jera da hotunan wasa. Duk takalmin da aka yi gumurzu da shi yana da tabonsa na kansa: inda ya karce, inda zare ya fita, inda ya lanƙwashe a gaban yatsu, ɗan ɗigon datti kusa da ramin igiya. Kamfanonin ɗaukar hoto irin su Getty da Reuters da AFP suna ɗaukar hotuna masu yawan gaske a wasannin manyan 'yan wasa, masu kaifin da za a iya faɗaɗa su har a ga ɗinki. Idan aka ga tabo iri ɗaya, a wuri ɗaya, a hoton wasan rana kaza, to magana ta ƙare. A Amurka akwai kamfanonin da wannan ce sana'arsu kacokan, kamar MeiGray da Resolution Photomatching, kuma manyan gidajen gwanjo da rahotonsu suke dogara. Ka tuna rigar da Maradona ya ci Ingila ƙwallo biyu da ita a gasar cin kofin duniya ta 1986. Ɗan wasan Ingila Steve Hodge, wanda suka yi musayar riga da shi, ya riƙe ta kusan shekara 36, duniya ta san labarinsa. Amma da gidan gwanjo na Sotheby's ya fito da ita gwanjo a 2022, 'yar Maradona ta ce ba ita ba ce, wai wadda ya sa kafin hutun rabin lokaci ce. Abin da gidan gwanjon ya kare kansa da shi rahoton masu daidaita hoto ne, aka kuwa sayar da ita fam miliyan 7.1. Idan maganar mutumin da ya buga wasan da ƙafarsa ta buƙaci hoto ya tsaya mata, ka ga ta direba, wanda yau ba ya nan balle a tambaye shi, ta fi buƙata.

Ka fara da wayar marigayi. Ina take? Idan an ba yaron yana wasa da ita, ko ana shirin kai ta Farm Centre a sayar, a dakata, kuma kada a bari kowa ya goge abin da ke ciki. Da wuya mutum ya sami irin wannan kyauta bai ɗauki hoto ba, ko bai tura wa matarsa saƙon murya a daren yana ba ta labari ba. Hoton su biyu a jikin mota, hoton takalmin a ɗakinsa, saƙon WhatsApp mai ɗauke da kwanan wata, kowane ɗaya daga cikinsu ya fi rantsuwar dangi goma nauyi a wajen mai saye. Ka roƙi matarsa ta duba tata wayar, har da tsofaffin da aka jefa a durowa. Bayan waya, ka nemi katin da ake rataya wa ma'aikatan gasa a wuya, mai suna da hoto da shekara. Mutanenmu sukan ajiye irinsa a cikin takardu tare da fasfo. Sai abokan aikinsa. Wanda suka kwana ɗaki ɗaya, ko wanda suka yi jigilar tare, ka neme shi tun lambarsa tana shiga, ya rubuta abin da ya gani da idonsa, ya sa hannu da kwanan wata. Wanda ji kawai ya yi, ya rubuta cewa ji ya yi. 'Yan ci-rani ba sa daɗewa wuri ɗaya, wanda ka samu bana ba lalle ka same shi baɗi ba.

Abin da kake farauta a duk wannan shi ne shekara. Gasar maza ta Doha tun 1993 ake yin ta a filin wasa na Khalifa. Shekaru da yawa a farkon Janairu ake buga ta, daga baya ta koma Fabrairu. Gasa ce ta mako guda, ko wanda ya ɗauki kofi ba ya wuce wasa biyar a ɓangaren ɗaiɗai. Da zarar ka san shekarar, hotunan da za a bincika sun zama 'yan kaɗan. Launin takalmin ma zai taimaka, domin kamfanonin da ke ɗaukar nauyin manyan 'yan wasa suna sauya musu launi daga lokaci zuwa lokaci, abin da aka sa a farkon shekara ba shi ake sawa a tsakiyarta ba. Kai da kanka za ka iya fara dubawa a wayarka, ka rubuta sunan ɗan wasan da Doha da shekarar, ka kalli ƙafafunsa.

Sannan ka wanke hannu, ka busar, ka dubi takalmin a hasken rana. Ka ɗaga harshensa ka karanta 'yar takardar da ke liƙe a ciki: lamba, da lokacin da aka yi shi, da duk wani rubutu. Wanda aka ɗinka wa ɗan wasa musamman sau da yawa takardarsa takan bambanta da ta na kanti, wani lokaci har da suna ko alamar ɗan wasan a ɗinke a dunduniya. Idan ka ga babu shimfiɗar ciki kada gabanka ya faɗi. Da yawansu suna amfani da wadda likitan ƙafa ya yi musu daidai da tafinsu, sukan zare abinsu kafin su bayar da takalmin. Rafael Nadal, alal misali, kusan duk rayuwar wasansa da irin wannan shimfiɗa ya yi ta saboda larurar ƙashi a ƙafarsa ta hagu. Ka dubi gaba wajen babban yatsa, za ka ga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya cinyewa saboda jan ta da ake yi. Ka juya ƙasan. Na filin jar ƙasa zanensa zigizag ne tun daga gaba har baya, na ciyawar Wimbledon 'yan ƙananan ƙuraje gare shi, na fili mai tauri kuma ya fi kauri kuma yakan sulɓe a inda aka fi takawa. Idan ka ga jar ƙura a cikin zanen, to ba a Doha aka yi wasa da shi ba, wani tsohon takalmi ne da ɗan wasan ya taho da shi a jaka. Wannan na iya rage kuɗin, yana kuma iya ƙara shi, ya danganta da inda ƙurar ta fito. Tunda a Kano kake, masu koyar da tanis a Kano Club, inda aka saba yin gasar Dala, za su iya gaya maka na wane irin fili ne da kallo ɗaya. Ka nuna musu hoton ƙasan kawai, ba sai ka ɗauki kayan ka fita da shi ba.

Sa hannun da ke gefe yana da amfani, amma kada ka ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Sa hannu shi ne abin da 'yan jabu suka fi kwaikwaya, shi ya sa masu saye ba sa kallonsa sai kamfani irin PSA ko JSA ko Beckett ya tantance. Ko an tantance, iyakar abin da ya tabbatar shi ne alƙalamin ɗan wasan ya taɓa takalmin.

Yanzu maganar abokinka. Labarin miliyoyin daloli gaskiya ne, amma na wasu takalman ne. Wanda Michael Jordan ya sa a wasa na biyu na zagayen ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta Amurka a 1998 an sayar da shi dala miliyan 2.2 a Sotheby's a watan Afrilun 2023. Sai dai Jordan daban yake. Cinikin kambas na duniya kusan a kan sunansa ya girma, masu neman kayansa ba sa ƙirguwa. Kasuwar kayan tanis ba ta kai nan ba. Gwanjon Federer da na ambata, ɗaruruwan kaya ne, daga hannunsa kai tsaye suka fito ba tare da wata tantama ba, mutum mai manyan kofuna 20, amma duka-duka abin da aka tara wajen fam miliyan 3.4 ne. Kuma Doha ba ta cikin manyan gasanni huɗu, wato ta Ostireliya da ta Faransa da Wimbledon da ta Amurka. A nawa ganin, idan ba a sami hoton da ya daidaita ba, ka sa ranka tsakanin ɗaruruwan daloli zuwa 'yan dubbai kaɗan. Idan an samu, musamman in wasan ƙarshe ne da ya ci, yana iya ninkawa sau da yawa. Ka faɗa wa matar marigayi haka ƙarara tun yanzu. Babu abin da ke raba zumunci kamar a ce an ji miliyoyi a bakin wani, sannan baffa ya zo da 'yan dubbai; ko kai waliyyi ne sai an zarge ka.

Shi kuma mai kiran waya, dala 1,500 da ya taya mai yiwuwa ba ta yi nisa da gaskiyar farashin ba. Sharuɗɗansa ne ba su yi mini ba. Mutumin da ba ka sani ba, a ƙasar da ba za ka iya bin sa ba, ya ce ka aika kaya kafin kuɗi, ya kuma yanka maka wa'adi: ko dai ɗan damfara ne, ko kuwa ya hango a hoton abin da kai ba ka hango ba, yana so ya rufe ciniki kafin ka tambayi wani. Ko wanne ne daga ciki, amsar ɗaya ce. Ka ce masa kayan marayu ne, ba a sallamawa sai an ƙiyasta. Mai saye na gaskiya zai jira. Na ƙarya kuwa za ka ga ya ƙara kuɗi nan take, ko ya turo maka alat na bogi, ko ya ce ya yi kuskure ya tura fiye da ƙima ka mayar masa da ragowar, ko a kira ka daga wani ofishin da ba shi da adireshi a ce ka biya kuɗin takardar fitar da kaya. Duk wanda ya ce ka ba da kuɗi kafin ka karɓi kuɗi, ka kashe wayar.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya, haƙuri take so. Manyan gidajen gwanjo irin su Sotheby's da Christie's da Heritage Auctions ta birnin Dallas suna da wurin tura hotuna a shafukansu, su duba su ba ka ƙiyasi ba tare da ka biya ko sisi ba. Akwai kuma Goldin da ta ƙware a kayan wasanni, da Prestige Memorabilia da ta fi ba da ƙarfi a kayan tanis. Ka ɗauki hoton kowane gefe, da ƙasa, da ciki, da takardar harshe, da sa hannun, ka haɗa da hujjojin da ka tara, ka tura wa uku ko huɗu, ta adireshin da ke shafinsu na ainihi. Ka rubuta abin da ka sani kawai. Inda ba ka da tabbas ka ce ba ka da tabbas. Kada ka rubuta cewa an buga wasa da shi alhali ba ka gani ba, domin algus haramun ne ko da marayu za a ciyar da kuɗin, kuma su ma za su gano. Wani gidan zai ce kayan bai kai matsayinsa ba, kada ka ji haushi, wannan ma ilimi ka ƙaru da shi. Idan wani ya karɓa, ka karanta yarjejeniyar da wanda ya iya Turancin ciniki. Ka tambayi la'adarsu, da wanda zai biya kuɗin daidaita hoto da inshorar aikawa, da mafi ƙarancin farashin da in ba a kai ba ba za a sallama ba, da ranar da kuɗi zai shigo. Ka kuma sani cewa adadin da ake bugawa a jarida ya haɗa da la'adar da mai saye ke ƙarawa a sama, wadda takan haura kashi 20 cikin ɗari, don haka abin da ke isa hannun mai kaya bai kai wanda ake ji ba.

Kafin nan, ajiya. Ka bar shi a jakar yadin da ya zo a ciki, ita ma wani yanki ce ta labarin. Ka sa a kwali, a ɗaki mafi sanyi a gidan, sama da ƙasa, nesa da rana da gara da ɓera, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Kada ka ƙulle shi a leda, kada ka sa kafur, kada ka cusa jarida don tawadarta na kama kaya. Na san wani zai ce maka a ajiye shi shekara goma ya ƙara kuɗi, kuma akwai misalin da zai kafa hujja da shi: takalmin da Jordan ya sa a 1997, ranar da ya yi wasa ba shi da lafiya, an sayar da shi wajen dala 104,000 a 2013, aka sake sayar da shi dala miliyan 1.38 a 2023. Amma kambas ba zinariya ba ne. Soson da ke tsakanin tafi da ƙasa wani irinsa yakan marmashe da kansa idan ya daɗe yana shan danshi, gam yakan saki, farar roba ta koma rawaya, kuma zafin bazarar Kano da danshin Agusta sun fi ƙarfin ajiyar cikin gida. Ga yara suna makaranta yanzu. Shawarata, in ƙiyasin ya yi kyau, a sayar cikin shekarar nan.

Ka tambaye ni ko ya dace a sayar da kyautar da aka yi wa mamaci. Ran da aka miƙa wa yayanka takalmin ya zama mallakarsa, ran da ya rasu ya zama na magadansa, kamar agogonsa da kuɗin asusunsa. Takalman Jordan guda biyun nan da na ambata, dukansu yaran da ke hidima a filin wasa ya ba kyauta, daga baya suka sayar, ba wanda ya ga laifinsu. Mutumin da ya bar gida shekara 11 yana tuƙi a ƙasar wasu don 'ya'yansa su yi karatu, ba na jin zai so a ce takalmi na kwali yara na zaune a gida.

Tunda gado ne, hukuncinsa ba a hannunka kai kaɗai yake ba, ba kuma a hannun Hajiya ba. Bayan biyan bashi da zartar da wasiyya in akwai, mahaifiya tana da ɗaya bisa shida, mata tana da ɗaya bisa takwas. Wato in an kasa 24, Hajiya 4, matarsa 3, sauran 17 na yaran ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Kai ba ka da kaso tunda akwai ɗa namiji, kuma wannan ya sauƙaƙa maka, domin ba wanda zai ce kanka kake yi wa. Ka kai lissafin gaban malamin da ya san rabon gado ko alƙali ya tabbatar, kuma duk matakin da za ka ɗauka ka sa shaidu biyu, ka rubuta, ka nuna wa matarsa kowane saƙo da ya shigo daga gidajen gwanjon.

Hajiya kuwa, ka je mata a hankali. Uwa ce da ta binne ɗa, so take wani abu ya isa gare shi a kabari, ba ta kallon takalmin a matsayin kuɗi. Ka zauna a gabanta ka ce mata mafi yawan abin nan haƙƙin jikokinta ne, ba a yin sadaka da kason maraya, amma idan an sayar nata kason zai fito, ta yi masa sadaka da shi yadda ranta ke so, ko ruwa ne ko abinci. Na tabbata in ta ji sunan jikokin za ta sauko.

Wanda na fi tausayawa a wasiƙarka shi ne yaron. Shekara 14, mahaifinsa ya yi yawancin rayuwarsa a nesa, abin da ya rage masa na alfahari shi ne labarin ranar da wani shahararren mutum ya girmama babansa. Kada ka tsawatar masa, kuma kada a sayar a bayan idonsa. Ka jawo shi cikin aikin. Shi ya fi ka iya waya. Ka ba shi binciken hotunan, ya nemo shekarar, ya zauna kusa da kai ran da za ku kira abokan babansa su ba da labarin yadda yake a can. Ka bayyana masa cewa in ya sa takalmin sau ɗaya ya taka ƙasar unguwa, ya shafe shaidar da ke jikinsa, kuma akwai haƙƙin ƙannensa mata a ciki. Katin wuyan da hotunan asali su zauna a wajensa, kwafi za a aika waje, sai in gidan gwanjo ya nace a kan na asali, shi ma da yardarsa. Ku ɗauki hoton takalmin mai kyau, a wanke hoton, a sa wa yaron a firam.

Idan kuma ƙiyasin ya dawo ƙarami, kuɗin da la'ada da kuɗin aikawa za su cinye rabinsa, to kada ka wahalar da kanka. A yi masa ƙima ta adalci a gaban shaidu, a lissafa shi cikin kason yaron, a cike wa sauran magada daga wani abin, ya ajiye kayan babansa. Ka sake rubuto mini idan kun gano shekarar, ka haɗo da hoton ƙasan takalmin da na takardar harshen, in taya ku dubawa kafin ku tura wa kowa.